Kafin a ɗibi jininka don gwajin CH50, yi wannan tambayar

Jama'a, in likita ya rubuta muku gwajin CH50, kar ku biya kuɗi sai kun tambayi masu lab: za ku raba ruwan jinin, ku daskarar da shi nan take?

Dalili kuwa, gwajin yana auna aikin kwamfiliment ne, wato furotin sama da 30 da ke yawo cikin jini, mafi yawansu hanta ke ƙera su. Suna nan a kwance har sai ƙwayar cuta ta shigo, sai wannan ya tada wancan, ɗaya daga cikinsu mai suna C3 ya tsage ya manne wa bakteriya don fararen ƙwayoyin jini su gane ta su cinye, C5a ya kira ƙarin dakaru, C5b zuwa C9 kuma su haɗu su huda jikinta.

Matsalar dai ba sa jure zafi. Jini ya daɗe a kan tebur, sun lalace, sakamako ya fito ƙasa alhali lafiyarka ƙalau, ka sake biya.

Amma fa in ya yi ƙasa duk da an kula da jinin, kar ka ɗora wa lab laifi. Lufus (cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum) da ciwon hanta suna rage shi da gaske, koma wajen likita da takardar.