Yadda Ake Fitar da Irin Waken Suya Marar Gafi

Gafin nan da masu awara ke kuka da shi gado ne a jikin waken. Akwai inzayim (furotin masu hanzarta sauyin sinadarai) guda uku a ƙwayar, sunansu lipoksijenes. Da an markaɗa wake da ruwa sai su far wa man da ke ciki, su fitar da sinadarin heksanal mai warin ɗanyen wake. Su za mu kawar.

Fara da neman uba wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Japanawa sun riga kowa a nan, suna da irinsu Ichihime da Suzusayaka. Uwa kuwa ta zama 'yar gida, kamar TGx 1448-2E na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Irin Japan in ya zo ƙasarmu fure yake yi tun yana ɗan guntu, saboda haka shuka shi kashi-kashi, mako-mako, ko ka dace furensu ya haɗu. Cire mazan furen uwar da hantsaki ba sai na koya maka ba.

'Ya'yan farko duk za su nuna suna da inzayim ɗin. Duk! Na ga ɗalibin da ya gwada su, ya ce auren bai kama ba, ya juye aikin damina guda a bola. Rashin inzayim hali ne mai ɓuya, ba ya bayyana sai ƙwaya ta gaje shi ta uwa da ta uba. Shuka su, bar su su yi barbarar kansu, zuriya ta biyu ita za ka tace. Lissafin ma da sauƙi: Lox1 da Lox2, ƙwayoyin gadon inzayim na ɗaya da na biyu, maƙwabta ne a kan kromosom (zaren gado) na 13, tare ake gadonsu, Lox3 na can kan na 15. Ke nan kusan ƙwaya 1 cikin 16 ce taka. Ni ba na fara gwaji da ƙasa da 200.

Wajen gwajin, kankare ɗan gari da reza daga bayan ƙwayar, nesa da cibiya, don kusa da ita tsiron yake. Ka taɓa shi, ka kashe abin da kake nema. Don inzayim biyun farko, zuba garin a ruwan gwaji mai launin metilin bulu: ya koɗe, akwai inzayim, ya tsaya shuɗi, babu. Na uku da ruwan karotin mai rawaya ake duba shi. Gwajin DNA ya fi, amma kuɗinsa fa? Sa lamba a kowace ƙwaya da kwalbarta, kar ka ce za ka tuna.

Waɗanda suka tsallake, sake aura su da uwar sau uku ko huɗu, kana tacewa, har tsayi da yabanya su dawo. Ka lura da fashewar kwanso. Ɗaci kuma daban ne, na sinadarin saponin ne da ke cikin tsiron, ƙwayar gado Sg-1 ke riƙe da shi. In markaɗenka ya daina gafi amma yana ɗaci, can za ka koma.