Za ka je ƙuryar arewacin duniya? Fara zaɓar wata kafin ka zaɓi gari

Duk wanda ya ce min yana son zuwa yankin Aktik, tambayar da nake fara yi masa ita ce, a wane wata? Saboda wanda ya je a Disamba da wanda ya je a Yuni in suka zauna hira sai ka rantse ba waje ɗaya suka je ba. Da zarar ka haye layin digiri 66 da rabi na arewa a taswirar duniya, inda yankin ya fara, akwai kwanakin da rana ba ta fitowa sam, akwai kuma waɗanda ba ta faɗuwa, kuma duk abin da za ka gani a can a kan wannan ya rataya.

Ɗauki Tromso a Norwe, garin da ya fi sauƙin shiga ga baƙo, kusan awa biyu a jirgi daga Oslo. Daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa, sai dai wani haske shuɗi-shuɗi na 'yan awanni da tsakar rana, irin na bayan asuba ɗin nan kafin gari ya gama wayewa. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli kuma tana nan tsaye har ƙarfe sha biyun dare.

To in hasken nan na sama kake nema, wanda ake ce wa orora, ka sa tafiyarka tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Maris, don sai da duhu ake ganinsa. Ƙananan ƙwayoyi ne da rana ke fesowa suna karo da iskar da ke can sama, kilomita 100 zuwa sama, koren da aka fi gani daga iskar oksijin yake fitowa. Abu uku kake buƙata: duhu, sama babu gajimare, da haƙuri. Gajimaren ne yake ɓata wa mutane tafiya, shi ya sa nake cewa kar ka ware dare ɗaya ko biyu, ka ware huɗu ko biyar, kuma ka fita daga cikin gari ka bar fitilu a baya. Garuruwan bakin teku sun fi yawan hadari, masu yawon farautar hasken daga Tromso wani lokaci har iyakar Finlan suke tuƙawa don neman sarari. Abisko a Suwidin ta yi suna a nan, tsaunukan da ke gefenta suna tare gajimare sai sama ta buɗe a kan tafkin Tornetrask. Akwai manhajojin waya da ke nuna ƙarfin hasken da ma'aunin Kp daga 0 zuwa 9, amma a irin waɗannan garuruwa ko 2 ya isa, hasashen gajimare ya fi shi muhimmanci.

Wani abu da ya kamata ka sani tun a gida don kar ranka ya ɓaci, kyamara ta fi ido ganin launi. Sau da yawa abin zai fara ne kamar wani farin hayaƙi a miƙe, har ka ce gajimare ne, sai ka ɗauka a waya ka ga kore shar. Amma daren da ya yi ƙarfi kam ba ka buƙatar waya, sai ka ga sama tana kaɗawa kamar labulen da iska ta bugo, gefensa ja-ja ko ruwan hoda, yana gudu daga wannan tsauni zuwa wancan, mutanen da ke tsaye kusa da kai kowa ya yi tsit. In za ka ɗauki hoto ka kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi, ka bar ta buɗe na 'yan daƙiƙu. Batir kuwa sanyi na shanye shi nan da nan, ka sa wayarka da ƙarin batir a aljihun ciki, jikin fatarka.

Yanzu maganar kaya, don Allah nan ka nutsu. Ba riga ɗaya mai kauri ake sawa ba, hawa-hawa ake yi. Na jikin fata ya zama ulu, kar ka kuskura ka sa auduga don tana riƙe gumi ta yi sanyi ta manne maka, sai suwaita a tsakiya, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Takalmi ya ɗan yi maka yawa, in ya matse jini ba zai zaga ba yatsu su mutu. Safar hannu biyu, siririya a ciki, babba mai haɗe yatsu a waje. Tromso kanta ba ta kai yadda ake zato ba saboda ɗumin ruwan teku, a Janairu 'yan digiri kaɗan ne ƙasa da sifili, amma ka shiga cikin ƙasa wajen Karasjok a Norwe ko Kiruna a Suwidin, 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne. A irin wannan sanyin gashin hancinka yana daskarewa da ka ja numfashi, gashin ido ya yi fari. In ka ga kuncin abokin tafiyarka ko kan hancinsa ya yi fari fat, ka faɗa masa nan take, a ɗumama wurin da tafin hannu, kar a murza shi.

Da rana ba zama za ka yi ba. Amalanken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara shi ne abin da zan ce kar ka dawo ba ka hau ba, kafin a tashi haushi ya cika ko'ina suna tsalle suna fizgar igiya, da an saki birki sai shiru, ba ka jin komai sai numfashinsu da ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashinka. Doka ɗaya masu karnukan ke nanatawa, ko ka faɗi kar ka saki amalanken, karnukan ba za su jira ka ba. Babur ɗin ƙanƙara kuma sai da lasisin tuƙi, ka taho da naka. Daga Nuwamba zuwa Janairu manyan kifayen wel suna bin ƙananan kifi zuwa wajen Skjervoy, ana fita kallonsu a jirgin ruwa, ka sha maganin jiri kafin a tashi.

Ka kuma ba mutanen Sami lokaci, su ne 'yan asalin yankin, wasunsu makiyayan wata irin barewa ce ta ƙasashen sanyi, suna Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha. Ka zaɓi ziyarar da su da kansu suke gudanarwa, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, kar ka kori garke don barewar da ta yi gudu a hunturu ta ƙona kitsen da take rayuwa da shi. Kasuwarsu ta garin Jokkmokk a Suwidin tana ci a farkon Fabrairu tun 1605.

Wanda sanyi ba nasa ba ne ya jira Yuni zuwa Agusta. Ba orora, amma ga hawan tsaunuka a tsibiran Lofoten, ga hanyar ƙafa ta Kungsleden da ta tashi daga Abisko ta yi wajen kilomita 440, ga gaɓar Nordkapp mai tsayin mita 307 a kan teku, ga Ilulissat a Girinlan inda tsaunukan ƙanƙara ke yawo a ruwa. A Norwe doka ta yarda ka kafa tanti a daji har kwana biyu matuƙar ka ba gidan mutane tazarar mita 150. Sai dai sauro, a Yuli cikin ƙasa yana da yawa ƙwarai, ka riƙe maganin shafawa da kuma ƙyallen rufe ido don barci tunda rana ba ta faɗuwa.

Svalbard kuwa, wasu tsibiran Norwe ne can arewa cikin teku, daban take. Longyearbyen, babban garinta, tana digiri 78, kuma ba a fita bayan gari haka kawai saboda farin beyar, wata babbar dabba mai kai wa mutum hari, dole a tafi da abin korarsa, 'yan jagora da bindiga suke fita, kai dai ka bi su. Tun 2025 doka ta ce a ba shi tazarar mita 300, daga Maris zuwa Yuni kuma 500. Rumbun ajiyar irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008 yana nan, amma daga waje kawai ake kallonsa. Tsibirin ba ya cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta babban yankin Norwe za ka shiga ta nan za ka fito, don haka in kana buƙatar biza ka nemi mai shiga sau biyu, mutane na mantawa da wannan.

Ga mai sallah da azumi, wannan tambaya ce ta gaske a inda ba alfijir ba magariba. Akwai masallacin Alnor a Tromso, kuma a watannin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa jama'ar wurin lokutan Makka suke bi. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, in ka sauka kuma ka karɓi jadawalin masallacin ka ajiye a waya, don agogo kaɗai ne zai faɗa maka la'asar ta yi.