Yadda ake tantance sabon alil na ƙwayoyin gadon garkuwar jiki kafin a miƙa shi

Manhaja ta nuna maka jerin IGHV (ƙwayoyin gadon da ke ba da sashen V na babbar sarƙar antibodi) da bai dace da komai a kundin IMGT ba, wato kundin duniya na ƙwayoyin gadon garkuwar jiki. Wannan bai isa a kira shi sabon alil ba, wato sabon nau'in wata ƙwayar gado da ake gadonsa daga iyaye. Abubuwa uku ne suka fi haifar da irin wannan jeri: sauyin da ƙwayar B (ƙwayar jinin da ke samar da antibodi) ke yi wa DNA ɗinta bayan ta haɗu da cuta, kuskuren PCR (hanyar ninka DNA a ɗakin gwaji) ko na injin karanta jeri, da haɗewar jeri biyu lokacin ninkawa. Sai ka kawar da ukun nan kafin ka yi maganar gado.

Aikin daga samfuri yake farawa. A ɗam adam, ƙwayoyin gadon IGH (na babbar sarƙar antibodi) suna kan kuromosom 14, na ƙananan sarƙoƙi kuma, IGK a kan 2, IGL a kan 22. Idan daga RNA za ka zaƙulo alil, nemi nau'in antibodi na IgM, in da hali daga ƙwayoyin B da ba su taɓa haɗuwa da cuta ba. IgG ya sha sauyi da yawa, asalin jerin ya binne a cikinsa. Hanyar 5'RACE ta fi dacewa, domin firaimar (guntun DNA da ake fara ninkawa da shi) da ke zama a cikin FR1, sashen farko na V, tana shafe haruffan farkon jerin, ka ƙare kana karanta firaimarka kana zaton na mutumin ne. Sanya UMI (alamar da ke bambanta kowane RNA na asali), ka rage zagayen PCR, sannan ka tabbata karatun injin MiSeq na 2x300 (haruffa 300 daga kowane ɓangare) ya haɗu sosai a tsakiya. Ingancin karatu yana faɗuwa a wutsiya, kuma a nan ne bambancin ƙarya ya fi tsirowa.

Bayan ka tace da pRESTO ka daidaita da IgBLAST, sai ka gudanar da manhajar zaƙulo alil, wato TIgGER, IgDiscover ko partis. Gara biyu daga ciki, domin kowace da inda take makancewa. A tsarinta na asali, TIgGER ba ta duba ƙwayar gadon da ba ta kai jeri 200 ba, shi ya sa alil mai ƙarancin bayyana kan wuce ta. Rubuta sigar manhaja da ranar da ka sauke kundin da ka fara da shi. Za a tambaye ka wajen miƙawa.

Tantancewar kanta da ido ake yi. Ware jerin da suka dace da alil ɗin harafi da harafi, ba sauyi ko ɗaya. Duba CDR3 (mahaɗar sassan V, D da J) nawa ne daban-daban a cikinsu, tsawonsu ya bambanta ko a'a, kuma da IGHJ (sashen J) nawa suka haɗu. Alil na gado yana fitowa a cikin haɗe-haɗe masu yawa da ba su da dangantaka. Idan yawancin jerin CDR3 ɗaya suke ɗauke da shi, ƙwayar B guda ce ta hayayyafa da sauyinta. TIgGER kan ƙi alil idan haɗin J ɗaya da tsawon mahaɗa ɗaya ya wuce kashi 15 cikin ɗari. Ka kuma lura da mazaunin bambancin. Idan ya faɗa cikin tsarin haruffa na WRC ko GYW, wuraren da AID, sinadarin da ke jawo sauyi a ƙwayar B, ya fi kai wa hari, sai ka nemi ƙarin hujja kafin ka yarda.

Jerin da rabinsa na gaba ya yi kama da wani alil, na baya kuma da wani daban, duka biyun suna jikin mutumin, kusan kullum haɗin PCR ne. Yakan zo da adadi kaɗan.

Hujja mafi ƙarfi daga RNA ita ce rabon kuromosom. Idan mutumin yana da IGHJ6 iri biyu, misali *02 da *03, alil na gaskiya da ke kan kuromosom ɗaya zai jingina da ɗaya kawai, kuskure kuwa yana iya watsuwa a duka biyun. Manhajar RAbHIT na yin wannan lissafin. Akwai tarko: IGHV1-69 da IGHV1-69D, ko IGHV3-23 da IGHV3-23D, tagwaye ne, jeri ɗaya na iya zama a wuri biyu. Dangin IGHV3-30 da IGHV3-33 ma suna rikita alƙalami. Kada ka yi saurin cewa ga mazaunin alil ɗin.

Haruffan ƙarshe, wajen matsayi na 318 zuwa 320 a lambar IMGT, ana datse su lokacin haɗa V da D, a cike gurbin da wasu. Tsaya inda hujjarka ta tsaya. Ciko wutsiya daga alil mafi kusa yana gurɓata kundi.

Idan daga DNA na jinom ka samo jerin, yi amfani da karatu mai tsawo irin na PacBio. Gajeren karatu yana faɗawa kan tagwayen ƙwayoyin gado ba daidai ba. Nuna jagoran jeri, intron (sashen da ake cirewa daga RNA) da RSS (alamar wurin haɗa sassan): CACAGTG, tazarar haruffa 23 ga IGHV, sannan ACAAAAACC. Tabbatar da akwai amino asid Cys 23, Trp 41 da Cys 104, babu kodon tsayawa, kafin ka sa masa F (mai aiki), ORF (ana iya karanta shi amma aikinsa na da shakka) ko P (marar aiki). Masu aiki da samfurin 'yan Afirka su sa ran ganin jeri da yawa da babu a kundi, domin ba a wakilci nahiyar sosai a ciki ba. Yawan nan ba dalilin sassauta ma'auni ba ne.

Wajen miƙawa, fara da takardar amincewar masu ba da jini: ta yarda a buɗe bayanansu ga jama'a? In ta yarda, ɗora ɗanyen karatu a rumbun jama'a na SRA ko ENA bisa MiAIRR, ƙa'idar bayanan da za su raka irin wannan karatu, ka ajiye jerin alil ɗin a GenBank ko ENA, tare da zaɓaɓɓun karatun da ke goya masa baya. Sannan ka buɗe buƙata a OGRDB, shafin da ake miƙa sababbin alil don dubawa, ka shigar da lambobin ajiya, jerin firaimomi, manhaja da saitinta, da jadawalin cikakken jinotaif na mutumin (duk alil ɗin da yake da su), ba alil ɗin kaɗai ba. Manhajar ogrdbstats na fitar da wannan jadawalin.

Kwamitin IARC, mai bitar alil da aka zaƙulo, na AIRR, ƙungiyar masu binciken jerin garkuwar jiki, shi ne ke duba buƙatun. Jerin da aka amince da shi yana samun suna na wucin gadi mai harafin i, irin IGHV1-69*i01, kuma matakinsa na tashi idan aka sake ganinsa a wasu mutane daban. Suna na dindindin daga kwamitin sanya suna na IUIS, tarayyar ƙungiyoyin masana garkuwar jiki ta duniya, yake fitowa. Kafin nan, a rubuce-rubucenka ka yi amfani da sunan alil mafi kusa haɗe da bambancin, kamar IGHV1-2*02_T163C, kada ka ƙirƙiri lamba da kanka.