Yadda Ake Fassara Fom na Shafin Intanet Ba Tare da Ya Lalace Ba

An sha tambayata dalilin da ya sa fom yake daina aiki bayan an mayar da shafi Hausa. Ga matakan:

1. Ku adana kwafin fom na asali.
2. Ku fassara rubutun da mai cikawa yake gani kaɗai, har da saƙon kuskure.

Gargaɗi: kada ku taɓa name na gurabe ko value na zaɓuɓɓuka (wato sunayen da ke cikin lambobin gina shafin, waɗanda mai cikawa ba ya gani), domin da su ne sabar, wato kwamfutar da ke karɓar fom ɗin, take gane amsa. A nan aka fi yin ɓarna.

3. Ku saita shafin da rumbun bayanai a kan UTF-8 (wani tsarin adana haruffa a kwamfuta), don kada ƙ, ɗ da ɓ su rikiɗe su zama alamar tambaya.
4. Ku sanya lang="ha" (alamar da ke nuna harshen shafi) a cikin lambobin gina shafin Hausa.
5. Ku cike fom da suna irin su Ɗanladi, ku aika.
6. Ku tabbatar saƙon ya isa daidai a kowane harshe.