Yadda ake raɗa wa 'ya'yan wasan ces na tatsuniya suna

In ka ƙirƙiro naka salon ces mai dodanni da matsafa, kar ka yi gaggawar raɗin suna. Fara tsayar da tafiyar kowane ɗa a kan allo, sannan suna ya biyo baya.

Dubi abin da T. R. Dawson, masanin ces ɗan Ingila, ya yi. Ya fito da ɗan da ke bin layi har ya tarar da wani a gabansa, ya tsallake shi, ya dira a gidan da ke bayansa. Sunan fara ya sa masa. Kafin a yi maka bayani ka riga ka ga tsallen. To, haka ake so. Dodon da ba ya wuce gida ɗaya kuwa, abin dariya ne, gara a kira shi kunkuru.

Sai ka bincika ko sunan yana da mai shi. Raƙumi da jakin dawa duk an riga ka: na farko yana tsallen gida 3 a miƙe da 1 a gefe, na biyu gida 3 a miƙe da 2 a gefe. Amazon ita ce mai haɗa tafiyar sarauniya da ta doki. In ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ka ba shi wata tafiya dabam, ka rikita tsofaffin hannu. Dama can akwai ruɗani, domin ɗan da ke haɗa hasumiya da doki sunansa Chancellor a wasan Capablanca, wani salon ces mai gida 80, wasu na ce masa Empress, wasu Marshal. Kar ka ƙara na huɗu sai da dalili.

Daga nan ka duba harafin farko, don da shi ake rubuta wasa. A Turance da N ake rubuta doki (knight) saboda sarki (king) ya riga ya kama K. In kana da Dodo, Damisa da Doki a allo guda, dole biyu su sake suna ko harafi.

Kalmomin doka kuma, ni dai a ganina a bar su yadda suke. Ci ya zauna ci, ba sai ya koma "haɗiyar kurwa" ba.

Daga ƙarshe ka zaunar da mutum biyu su buga, kai ka yi shiru kana saurare. Duk sunan da suka gutsure, ko suka maye da "wancan mai tsallen", ka goge shi ka rubuta abin da bakinsu ya faɗa.