Jakar Goyo da Kuɗin Komowa: Daga Jos Zuwa Kumasi

Tun da na dawo, da wuya mako ya wuce wani matashi bai tsaya a bakin shagona da ke Gangare ba, bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, wai da gaske da mota ka je Gana?" Da mota na je. Jakar goyo ɗaya na saya a Katako, na zuba kaya kala uku da gidan sauro, na ɗauki fasfo da abin da na tara a kan keken ɗinki. Mako bakwai na yi tsakanin Kwatano, Lome, Akra da Kumasi. Wasu daga cikin masu tambayar yanzu suna can, suna turo mini saƙon murya ta WhatsApp cikin dare suna neman inda za su kwana. Domin su nake wannan rubutu, da duk wanda ke haɗa jaka.

Ana ganin yawo da jaka a baya da kuɗi kaɗan kamar na matasan Turawa ne. Amma hanyar da za ka bi, fatake sun bi ta da jakuna, madugu na gaba, suna neman goro a Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Salaga ce babbar kasuwarsu, har Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 hanyar goro ta fara sauyawa. Inda ayari ke yada zango, nan jikokinsu suka zauna, shi ya sa har yau unguwar Musulmi a garuruwan Gana da Togo da Benin sunanta Zango.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga waɗannan ƙasashe ba biza, ka zauna har kwana 90. Ƙungiyar kanta a Legas aka kafa ta a 1975, kuma ɗan Filato, Janar Yakubu Gowon, shi da Eyadema na Togo suka tsaya tsayin daka a kanta. Sai dai rashin biza bai ɗauke maka takarda ba. A kowace boda, Seme ta shiga Benin da Hilakonji ta shiga Togo da Aflawo ta shiga Gana, a buga maka hatimin fita, a buga na shiga, kuma ka karanta kwanakin da aka rubuta maka kafin ka bar bakin tagar. Za ka haɗu da masu cewa su tsallakar da kai a babur ta bayan gari, ba layi ba tambaya. Ka yi musu godiya ka wuce. Wanda ya shiga ba hatimi, boda ta gaba ce za ta tambaye shi ta ina ya ɓullo, kuma ba shi da amsa.

Katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ma dole ne. Ka je a yi maka allurar da gaske, kada ka sayi kati a tasha. Sai ta kwana goma take fara aiki a takarda, don haka kada ka bari sai jajibirin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, idan wani ya ce maka katinka ya ƙare, ka san ba haka dokar take ba.

A ɗaya daga cikin bodojin nan wani jami'i ya juya fasfona, ya ga sabo ne fil, ya ce sai na ba da kuɗin buɗe shi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, za a ba ni rasit?" Ya tura fasfon gefe ya ci gaba da duba na wasu. Na yi kusan awa a tsaye, direba yana leƙowa, fasinjoji sun fara ƙorafi. A ƙarshe na ba da 'yan canjin da ke aljihun gaba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Abin da na koya: ka tsallaka da safe, ka ware ƙananan kuɗi a aljihu daban, kada ka taɓa zaro ƙunshinka a gaban kowa, kuma duk yadda ranka ya ɓaci kada ka ɗaga murya.

Benin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, tana ɗaure da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta hawa da sauka kamar tamu. Gana kuma sidi. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, kuɗin da ka lissafa a Jos ba lallai ya kai yadda ka zata ba, saboda haka ka canza mafi yawa da wuri wurin ɗan canjin da ke da mazauni, a boda kuma ka canza na mota da na abinci kawai. Katin banki, ka tambayi bankinka ko yana aiki a waje tun kafin ka tashi. A zangon Kwatano wani mai shayi ɗan Nijar ya ce mini kuɗina dala arba'in, na tsaya ina kallonsa. Ashe a lissafinsu dala ɗaya sefa biyar ce, dala arba'in sefa 200 ke nan, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Ka riƙe wannan, domin da shi za a yi maka ciniki. Ka sayi adafta mai ƙafa biyu saboda Benin da Togo, soket ɗin Gana irin namu ne. Da ka shiga Togo ka mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Yanzu zancen masauki, wanda shi ne rabin tafiyar mai ƙaramin aljihu. Ka yi ƙoƙari ka shiga gari da rana. Ka tambayi Zango: a Kwatano ɗan acaɓa mai riga rawaya, wanda suke kira zemijan, zai kai ka, a Akra ka hau motar haya da suke kira torotoro ka ce Nima ko Mamobi ko Sabon Zango. Ka yi azahar ko la'asar a masallacin unguwa, ka jira a watse, ka gaida liman ko ladan. Ka faɗi sunanka, garinku, sana'arka, da kwana nawa za ka yi, ka nuna fasfonka tun ba a tambaya ba. Mutanen nan sun sha karɓar baƙin da suka bar musu ɓacin suna, don haka idan sun yi maka tambayoyi da yawa kada ka ji haushi. Idan aka ba ka ɗaki ko tabarma a zaure, ka tuna hadisi ya ce baƙunta kwana uku ce. Ka sayo burodi da sukari, ka miƙa kuɗin cefane ko an ce ka bari, ka ɗebo ruwan wankanka da kanka. Bayan kwana uku, ko ka koma ƙaramin gidan saukar baƙi, ko ku yi magana a fili kan abin da za ka riƙa biya. Abin da ka bari a gidan nan, shi ɗan Jos na gaba zai tarar.

Ke kuma 'yar'uwa, ki nemi a haɗa ki da iyalan liman ko da magajiya. Kada sunan ya tsorata ki. A zangunan Gana magajiya shugabar mata ce mai daraja, ita ke tsayawa kan biki da suna da rasuwa.

Hausarsu za ta yi maka wani iri a kunne, mace ma sai ka ji an ce "ya zo". Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa dattijo magana. Mu 'yan Jos mun san zafin a ce Hausarmu ba ta nuna ba. Harshen nan sun riƙe shi shekaru fiye da ɗari nesa da gida, kuma shi ne zai ciyar da kai: koko da ƙosai da safe, wanda duk Gana ke kira Hausa koko, shinkafa da wake da suke rubutawa waakye, tuwon zafi da dare, tsire kuma cicinga. A cikin Zango ka ci hankalinka kwance. A wajen Zango, idan ba ka san wanda ya yanka ba, kifi yana nan a wadace. Batun salla, kana kan hanya ka yi ƙasaru, amma a mazhabarmu ta Malikiyya da ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari, ka cika.

A Kumasi na sauka wurin wani dattijo mai sayar da goro, kakansa daga Kano ya zo. Daren farko, ina cin tuwo, ya ce, "Yaro, yaushe za ka koma?" Na ce, "Baba, sai yadda hali ya yi." Ya ce, "Wannan ba rana ba ce. Faɗa mini rana." Na faɗa. Ya sa na lissafa kuɗin mota daga Kumasi zuwa Akra, zuwa Aflawo, zuwa Legas, zuwa Jos, ya ce in ƙara sulusi a kai. Na ƙirga a gabansa, ya naɗe a leda, ya rubuta sunana da ajami a jiki, ya jefa cikin akwatin ƙarfe ya kulle.

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ni. Jikin da ya saba da sanyin Jos bai san zafin kurmi da saurayensa ba. Gwaji da magani suka cinye kuɗin da na ware don zuwa Tamale da tsohon masallacin Larabanga. Da na miƙe, na je na durƙusa na ce, "Baba, a ɗan tsakuro mini daga ajiyar nan, zan mayar." Bai ce a'a ba. Ya ce in raka shi kasuwar Kejetiya. A hanya ya gaisa da wani mai tura baro, ya tambaye shi gajiya, muka wuce. Sai da muka yi nisa ya ce, "Ɗan ƙasarku ne. Mako biyu ya zo yi. Bana shekararsa shida. Kuɗin mota ya ci, ya ce sai ya tara, yanzu kuma kunyar komawa hannu rabbana ta hana shi." Ban je Larabanga ba.

Ba kowa za ka miƙa wa ajiya ba, ni da wannan dattijo, liman ne ya haɗa mu. Idan ba ka sami irinsa ba, ka sa tela ya ɗinka maka aljihu a cikin ƙugun wando, ka sa kuɗin komowa, a ɗinke bakin ruf yadda sai da reza za ka buɗe. Sulusin nan na sama ba almubazzaranci ba ne. Najeriya ta rufe bodojinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020, mutane da yawa suka maƙale. Ka ɗauki hoton fasfo da katin rigakafi ka tura wa wani a gida. Idan fasfo ya ɓata, ofishin jakadancinmu a Akra ko Lome ko Kwatano ne ke ba da takardar komawa ta gaggawa.

Idan kuɗi ya yi ƙasa, zuciya za ta ce ka kasa kaya ka ɗan juya. Ka sani dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kanta. Tsofaffin Zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, kamar yadda mu ma muka kori 'yan Gana a 1983, har jakar nan mai zane ta samo sunanta na "Ghana must go". Ka kuma yi hattara da wanda zai ce akwai aikin kamfani, amma sai ka biya kuɗin rajista ka kuma kira 'yan'uwanka biyu su zo. Ba aiki ba ne.

Ranar dawowa kowa zai so ya ba ka saƙo. Duk ƙunshin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka karɓa, ko na wanda ya ciyar da kai ne; ka ce masa da ladabi a kwance ka gani. Shinkafar waje ba ta shiga ta boda, kada ka wahalar da kanka. Tsaraba kuwa, ka yanke tun can su wa za ka ba: ni goro na kawo wa Baba da kawunnaina, Mama turmin atamfa, yara cakulan. Shi ke nan.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne nauyin makon farko a gida. Duk wanda ya ji ka je waje ya ɗauka ka samo. Wani zai zo yi maka barka da dawowa ya ƙare da bukata, wani ya ce, "To, me aka samo mana?" Idan ka fara kwana-kwana, za ka ci bashi don kare suna. Ka faɗa sau ɗaya a fili: "Gani na je yi, ba nema ba." Kwana biyu za a yi maganar a bari. Kai ma za ka ji gari ya yi maka ƙunci, kana son ba da labari kowa yana sha'aninsa. Maganinsa ka koma bakin aiki da wuri. Ni na biya hayar shago ta wata uku kafin in tafi, na kuma faɗa wa masu kawo ɗinki ranar da zan buɗe, duk da haka wasu sun koma wani wuri, sai da salla ta matso suka dawo. Idan zazzaɓi ya taso maka a makonnin farko, ka je a gwada jini, ka gaya wa likita inda ka fito.

Rigar sanyinka kuma kada ka bayar da ita a Akra don ka ga ba ta da amfani. Ka sa ta a saman jaka. Motar dare daga Legas da asuba ta kai mu Hawan Kibo, na farka haƙorana suna haɗuwa, na laluba na zaro ta. Muna wuce Mararrabar Jama'a na kira Mama na ce a ɗora ruwan zafi.