Yadda na gyara harafin C da ke rabe mini gida biyu

Ni da ƙanena muna koyon saƙon Mos, wato aika haruffa ta hanyar haske ko sauti dogo da gajere, da tocila da daddare a nan Gusau, shi yana bakin titi, ni ina soro. Komai lafiya sai harafin C. Tsarinsa dogo, gajere, dogo, gajere. Duk sanda na aika, sai ya rubuta NN. Na ɗauka idonsa ne, har muka yi cacar baki.

Ashe laifina ne. N ai dogo da gajere ne, ni kuwa ina tsayawa tunani a tsakiya, sai C ta zama N biyu.

Maƙwabcinmu, wani tsohon soja, shi ya gano. Ya ce, "Yaro, ƙirgawa kake yi, ba ji ba." Ƙa'idar: dogo ninki 3 ne na gajere, shirun cikin harafi tsawon gajere 1, na tsakanin haruffa 3. Ya sa na ajiye tocilar, na riƙa furtawa da baki kamar kiɗan kalangu, daa-di-daa-di, a numfashi guda. Kwana 3 ina yi, har a kan babur.

Da na koma tocila, C ta fita sarai. Yanzu Q ce ke ba ni wuya.